BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TSOKACI A KAN RABUWAR AURE CIKIN RASHI

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya halatta aure, Ya kuma halatta rabuwa ga waɗanda zama ya gagara. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da muke so mu tattauna a wannan fitowa, wadda kusan kowane limami da kowane mai gari a ƙasarmu ta Tagriss ya sha zama a kanta, amma ba safai ake ɗauko ta a wajen wa'azi ba. Mas'alar kuwa ita ce: idan aure ya ƙi, hannu kuma babu kome, yaya za a rabu? Shin rashi ya ba namiji damar ya sallami matarsa hannu rabbana? Shin kuma rashi ya ɗaure mace a gidan da ake cutar da ita, don kawai ba ta da abin da za ta mayar?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani abin mamaki da ke cikin al'adarmu. Idan saurayi zai yi aure, shekara guda ko fiye ana lissafi. A sayar da rago, a tafi bida, a tara kuɗin gaisuwa da sadaki da lefe da goro. Ita kuwa uwar yarinya, tun 'yarta ba ta san ɗaurin zane ba take tara mata kayan ɗaki. Amma ranar rabuwa ba mai lissafin kome. Da daddare a yi cacar baki, da asuba a ga mace a kan hanyar garinsu, goyo a baya, ƙunshin tufa a ka. Mun ɗauka cewa aure ne ke da kuɗi, saki kuwa kyauta ne. Alhali kuwa babu sakin da ba a biya. Abin tambaya kurum shi ne: wa ya biya?

YADDA LAMARIN YAKE A WURINMU

Mu nan ƙasar Dakoro muna zaune ne a bakin iyakar noma, kusa da kwarin Tarka, inda damina ɗaya ke yanke hukuncin shekara. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, ko yunwar 1984 da 1985 wadda aka laƙaba wa suna El-Buhari. Matasanmu kuwa sun ga ta 2005 da ta 2010 da idonsu. A irin wannan ƙasa, rumbu yakan yi ƙasa tun kafin shuka ta yi kai, magidanta su watsu cin rani zuwa Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya. Da aka rufe kan iyakar Nijeriya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, ɗan aiken da ake jira ya ragu ko ya yanke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mun sha ganin auren da ya yi shekaru lafiya ya mutu a kan tiyar hatsi.

To, idan rabuwa ta zo a wannan hali, ƙofa biyu ce, kuma ba daidai ake biyan kuɗin wucewa ba. Ƙofar namiji kalma ɗaya ce. Da ya furta ya rage baki ɗaya ko biyu a kan rumbunsa. Gamanar da ya ara mata ta koma gandu, wani lokaci har da abin da ta shuka a ciki. Ita kuwa ta koma gidan uban da shi ma hatsinsa bai kai shi kaka ba. Uban ba zai aika a tambayi ciyarwar idda ba, saboda kunyar surukuta: kada a ce ya bi suruki bashin hatsi. Ta haka nauyin da Allah Ya ɗora wa miji yake komawa kan tsoho da tsohuwa, ba wanda ya ce uffan.

Ƙofar mace kuwa a kulle take da kwaɗo. In ta ce ta gaji, amsar da za ta ji ita ce: a mayar masa da dukiyarsa. Sa'an nan a shiga ƙidaya, har da goron da aka ci shekara biyar da suka wuce. Sadakin kuwa tuni ya narke, ko a kayan ɗaki, ko a asibiti, ko a cikin gidan shi mijin. In iyayenta ba su da shi, sai ta zauna a kan wuya, ko ta yi yaji wata da watanni ba aure ba saki, ko kuma ta jira wani namiji ya biya mata. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsoratar da mu ƙwarai. Mace tana da igiyar aure a kanta, amma al'ada ta tura ta neman wanda zai fanshe ta. Shari'a ta hana a fito fili a nemi auren mace ko a cikin idda, balle tana matar wani. Mu da kanmu muka toshe mata hanyar halal, sa'an nan muka zauna a dandali muna zarginta.

TALAKAN DA YA YI NUFIN SAKI

Bari mu fara da namiji. Ba mu ce talaka ba shi da ikon saki ba, kuma ba mu ce sai ya ci bashi ya yi ba. Abin da muka ce shi ne, saki yana da haƙƙoƙi, kuma an auna su daidai ƙarfin mai yin sa. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umurni kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka hore masa, ta kuma ambaci wanda aka ƙuntata wa arziki da kansa. Aya ta 236 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi magana a kan kyautar sallama, ita ma ta ambaci mawadaci ta ambaci matalauci, kowa da ma'auninsa. Watau Allah bai manta da talaka ba sa'ad da Ya saukar da hukuncin saki. Ya rage masa ma'auni, amma bai ɗauke masa umurnin kyautatawa ba.

Me ke kansa a mazhabar Imamu Malik wadda muke bi? Abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu, a taƙaice shi ne kamar haka. Saki na sunna ɗaya ne, a cikin tsarkin da bai kusance ta ba, kada kuma ya ƙara wani har ta gama idda. Idda tsarki uku ce ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. A ɗakinta za ta yi idda, domin aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita, ta kuma hana ta fita. In sakin na kome ne, ci da sha da tufa suna kansa har ta gama. In ta yanke ne, wurin zama yana kansa, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Sadakin da bai cika ba bashi ne a wuyansa. Kyautar sallama mustahabbi ce a wurin Malikawa, ba a tilasta shi, amma mai tsoron Allah ba ya barin ta. Renon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta auri bare ba. Ciyar da su kuwa a kan uba yake. Ƙwace yaro da an yaye shi, ko da ya kai shekara bakwai, al'ada ce, ba hukuncin waɗannan littattafai ba ne.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Idda wajen wata uku ce. Buhun hatsi mai tiya 40 zai ishi mace ta gama idda, har ta ci da ɗan da ke hannunta. A ƙara turmin zane guda, da ɗakin da daman tana ciki. Wannan shi ne abin da ake gudu. Mu gwada shi da abin da aka kashe ranar ɗaurin aure, mu ga ko ya kai ushirinsa. Mutumin da ya iya tara dukiyar aure cikin shekara guda, in ya ce buhu guda ya gagare shi, to, ya binciki zuciyarsa, ko rashi ne ko kuwa fushi. Sau da yawa ma mun ga wanda ya ce ba shi da abin ciyar da mai idda, kafin kaka ta zagayo an ɗaura masa wani aure.

Har wa yau, in an lura, hanyar sunna ita ce mafi araha ga talaka. Wanda ya yi saki ɗaya ya bar ta a ɗakinta yana da wata uku na tunani. In zuciya ta huce, sai ya mayar da ita, ba sadaki ba goro. In ya bari idda ta ƙare, sai da yardarta da waliyyi da sabon sadaki. In kuwa ya zuba uku a baki ɗaya, ya yi bidi'a kuma sun auku a mazhabarmu, ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya. Daga nan ake faɗawa auren kisan wuta, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin sa da wanda aka yi dominsa. Gaggawa ita ce mai tsada, kuma talaka ya fi kowa rashin abin biyan ta.

To, wanda kuwa da gaske ba shi da ko tiya fa? Malamanmu ba su ɓoye wannan ba. Sun ce ciyarwa tana faɗuwa daga kan wanda ya tsiyace na tsawon lokacin tsiyarsa, ba ta zama bashi a kansa. Wannan rahama ce. Amma ba shi ne zai yanke wa kansa hukuncin rashi a cikin ɗakinsa ba, alhali akwai awaki a turke da babur a zaure. A gaban alƙali ko dattawa ake tabbatar da shi. Sa'an nan akwai abubuwan da ba a saye da kuɗi, waɗanda babu ba ta hana su: ya bar ta a ɗakinta, ya bar ta ta girbe gamanarta, kada ya taɓa akuyarta ko kwanonta, ya ba ta takardarta, kada ya tona mata asiri a majalisa. Wanda ya hana waɗannan ba talauci ya hana shi ba.

MATALAUCIYAR DA KE NEMAN MAFITA

A nan ne rashin sani ya fi yi mana ɓarna, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Mutane da yawa, har da wasu masu zaman sulhu, sun ɗauka cewa duk macen da ta fara neman rabuwa dole ta biya. Ba haka ba ne. Hanyoyi sun kai uku, ɗaya ce kawai ake biya.

Ta farko ita ce hul'i. Asalinsa labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu ne, wanda Buhari ya ruwaito. Ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) ta bayyana cewa ba ta zargin mijinta a addini ko hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Sai aka tambaye ta ko za ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki, ta yarda, aka raba su. Mu lura da kyau: mijin bai yi mata laifi ba, shi ya sa ta biya. Adalci ne, domin kada namiji ya yi hasarar mata da dukiya gaba ɗaya ba da laifinsa ba. Kuma abin da aka ambata gonar ce, ba a ƙidaya abin da ta ci a gidansa ba. Malamai sun halatta a yi hul'i da daidai sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi, amma sun ce neman ƙari ba ya cikin kyawawan halaye. Ba a kuma shardanta a biya nan take ba. Suna iya yarda a kan a biya da kaka, ko kashi-kashi, ko wani daga danginta ya ɗauke mata.

Ta biyu ita ce rabuwa saboda cutarwa. Matar da ake duka, ko ake zagi da cin mutuncin iyayenta, ko aka ƙaurace wa ba dalili, tana da damar kai ƙara, in cutar ta tabbata alƙali ya raba su ba ta biya ko dala ba. Mazhabar Malik ta fi sauran mazhabobi faɗaɗa wannan ƙofa. Ibn Asim, a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya bayyana cewa cutarwa tana tabbata da shaidu, ko kuma da labarin da ya bazu tsakanin mutane. Watau abin da maƙwabta suka sha ji ta bayan darni hujja ce. Risala kuma ta ƙara da cewa, in mace ta fanshi kanta sa'an nan ta tabbata cutarwa ce ta sa ta biya, to, a mayar mata da abinta, sakin kuwa yana nan. Wannan ya dace da aya ta 19 ta Suratun Nisa'i da ta 231 ta Baƙara, waɗanda suka hana a ƙuntata wa mace don a ƙwace abin da aka ba ta. Saboda haka mai azabtar da matarsa don ta gaji ta biya shi, haram yake ci, ko da an yi a gaban shaidu goma.

Ta uku ita ce rabuwa saboda rashin ciyarwa. In miji ya kasa ciyarwa, mace ba ta iya haƙuri ba, alƙali yakan ɗiba masa lokaci gwargwadon yadda ya gani. In ya wuce bai samu ba, sai a sake ta saki ɗaya, in Allah Ya buɗa masa cikin idda yana da ikon kome. An togace wadda ta aure shi tana sane da cewa fakiri ne. Wannan hukunci ya shafi wanda ya tafi bida ya yi shiru, bai bar kome ba, bai aiko ba. Mutane sukan ce sai ta jira shekara huɗu. Shekara huɗun nan ta matar wanda ya ɓace ce, wadda aka bar wa abin ci. Wadda aka bari da yunwa ba a ɗora mata wannan jira ba.

In kuwa an rasa gane mai laifi, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. A wurin Malikawa waɗannan biyu masu hukunci ne: in sun kasa gyarawa suna da ikon rabawa, da biya in laifin nata ne, ba biya in nasa ne. Wannan hanya ba ta bukatar kuɗin mota. Tabarma take bukata da dattawa biyu masu tsoron Allah.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali suna karantar da almajirai a waje. Fiye da shekara 200 ke nan, amma mu tambayi kanmu: mata nawa ne a garuruwanmu suka san waɗannan hanyoyi uku?

ABIN DA WANI ZAI CE

Wani zai ce: in kuka koya wa mata wannan, ai aure ba zai zauna ba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin mutuwar aure ta yi yawa, yara kuma su ke shan wuyarta. Mu ma muna kira ga haƙuri, harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi ga macen da ta nemi saki ba dalili. Amma mu duba inda yawan sakin yake fitowa. Mafi yawansa daga bakin maza ne, a ƙofar da ba a biyan kome. In ana son saki ya ragu, wannan ƙofa ya kamata a sa wa mai gadi. Auren da ba abin da ke riƙe da shi sai rashin kuɗin fansa kuwa, sunansa kawai aure. Sa'an nan namijin da ya san matarsa tana da mafita ya fi kiyaye hannunsa da bakinsa.

Wani kuma zai ce: in kuka matsa wa maza su biya haƙƙin idda, sai su ƙi sakin, su bar mace a rataye har ta gaji. Wannan gaskiya ne, yana faruwa, kuma shi ne ya sa ba a gyara gefe ɗaya a bar ɗaya. Alƙur'ani ya hana a bar mace a rataye, a aya ta 129 ta Suratun Nisa'i. Maganinsa shi ne ƙofar cutarwa ta kasance a buɗe, shaidu kuma su faɗi abin da suka sani. In maƙwabci ya ce shi bai ji kome ba don kada ya ɓata da abokin hirarsa, ya san cewa ɓoye shaida zunubi ne na zuciya.

Akwai kuma mai cewa: ai talaka ya sha wuya kafin ya tara dukiyar aure, in an raba shi da mata ba a mayar masa ba, ina zai sake samu? Wannan kuka ne da ya cancanci a saurara. Inda ba shi da laifi, Shari'a ta mayar masa. Inda kuwa shi ya ɓata, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma asalin ciwon yana wajen tsadar aure. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Mu muka ɗora masa kaya har ya zama dutse, shi ya sa yake danne saurayi ranar shiga, ya danne mace ranar fita.

HUKUMA DA TAKARDA

A Nijar, dokar tsarin shari'a ta 1962, da waɗanda suka gaje ta a 2004 da 2018, sun bar sha'anin aure da saki da renon yara a kan al'adar masu ƙara, alƙali kuma yana zama da masu ba shi shawara waɗanda suka san al'adar. Sarakuna da masu gari suna da ikon sulhu. An yi yunƙurin kafa dokar iyali ta ƙasa a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, duka ba su tabbata ba, saboda ƙungiyoyin Musulunci sun ƙi amincewa. To, tun da muka ce Shari'armu ta ishe mu, hujja ta hau kanmu mu aikata ta cikakkiya, har da ɓangaren da ke taɓa rumbun namiji.

A 2011 an kafa hukumar ƙasa mai taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a. Abu ne mai kyau, amma macen da ba ta da kuɗin zuwa Dakoro, ina ta ga na zuwa Maradi? Don haka mafi yawan shari'unmu a ƙofar mai gari da zauren limami suke ƙarewa, nauyin kuwa a kansu yake. Muna roƙonsu kada a tashi daga zama sai an rubuta: saki nawa ne, wace rana, wa zai ciyar, yara suna hannun wa, a kuma kai a shigar da shi wurin hukuma. Mace marar takarda takan ga tsohon miji ya dawo bayan shekara biyu yana cewa har yanzu matarsa ce, ranar da ya ji wani ya fito.

Wasu ƙasashen Malikawa sun yi dabara a nan. A Maroko, dokar iyali ta 2004 ta wajabta wa mai son saki ya ajiye haƙƙin mata da na yara a kotu cikin kwana 30, in bai ajiye ba a ɗauka ya fasa. Tunisiya kuwa tun 1993 ta kafa asusun da ke biyan matar da tsohon miji ya ƙi ciyar da ita da 'ya'yanta, sa'an nan asusun ya bi shi bashi. Ba mu da baitulmalinsu, amma ba abin da ya hana mai gari ya ce: kawo hatsin idda nan gabana kafin a rubuta takarda.

ABIN DA KE KAN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In miji ya tsiyace da gaske, uba kuma ba shi da shi, ciyar da wannan baiwar Allah ya koma kan jama'ar Musulmi. Muna fitar da dami ɗaya cikin goma da kaka, in noma ya kai nisabi. Mai idda da ba ta da mai ciyarwa fakira ce, tana cikin waɗanda aka ambata da farko a ayar zakka. Me zai hana kowane masallacin Juma'a ya keɓe wani abu a rumbu saboda irinta, ƙarƙashin amintattu biyu ko uku? Haka nan macen da hul'i ya hau kanta ba ta da abin biya, wanda ya ɗauke mata don Allah, ba don ya aure ta ba, ya tsare mutuncin gida biyu.

Matanmu sun riga mu a wannan fage. A nan jihar Maradi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata suna zuba ɗan abin da suka samu kowane mako suna ranta wa juna, har dabarar ta yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa. Maƙwabtanmu Fulani kuma suna da habbanaye, a ba wanda ya rasa dabba uwa ya kiwata, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da ita. Jar akuya guda a hannun bazawara takan raba ta da roƙo, takan kuma hana ta faɗawa aure na biyu don yunwa kurum. Ku kuma iyaye, ku bar wa yarinya sadakinta, domin nata ne. In an saya mata tunkiya da shi, ko ba jima ko ba daɗe za ta gode muku.

Daga ƙarshe muna kira ga duk wanda ya ga zama ya ƙi, namiji ne ko mace: ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a furta kome, a je wurin malami a tambayi hukunci, a kira dattawan ɓangare biyu, a yi lissafin idda da na yara kamar yadda aka yi lissafin lefe. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, wadda ka saka yau ita ce uwar 'ya'yanka har abada, kuma a makabarta ɗaya za a kai ku. Allah Ya yi alkawari a aya ta 130 ta Suratun Nisa'i cewa in ma'aurata suka rabu Zai wadata kowannensu daga yalwarSa. Wanda ya gaskata wannan alkawari ba zai riƙe 'yar mutane don tsoron hasara ba, ba kuwa zai kore ta da yunwa don tsoron talauci ba.

Allah Ya zaunar da aurarrakinmu lafiya. Inda rabuwa ta zama dole, Allah Ya sa a rabu ba da haƙƙin kowa a wuya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya yafe mana kurakuranmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.